Aikin injiniya ko kiɗan ganga: wanne zan ajiye?

Assalamu alaikum Malam. Shekarata 29, injiniyan manhaja ne ni, ina cikin masu kula da manyan kwamfutocin wani kamfani. Mako ɗaya cikin kowane huɗu ina zaman ko-ta-kwana, duk sa'ar da wani abu ya lalace, ko da ƙarfe ukun dare ne, ni za a kira. Shekara huɗu ke nan kuma ni ne mai ganga a wata ƙungiyar kiɗa ta mutum biyar. Muna gwaji sau biyu a mako, muna wasa kusan kowace Asabar. A ofis babu wanda ya sani. Watan jiya ina kan dandamali aka yi ta kirana, waya na cikin jaka, har aiki ya tsaya minti 40 kafin wani abokin aikina ya tashi ya gyara. Da aka tambaye ni sai na ce barci ne ya ɗauke ni. Yanzu an yi min tayin shugabancin sashenmu, su kuma abokan kiɗa sun samu gayyatar zagayen wasanni na mako uku nan da wata huɗu. Kunnena na ƙara bayan kowane wasa, wuyan hannuna na dama na ciwo, matata ta ce ba ta ganina. Ba na son rabuwa da ko ɗaya. Wanne zan ajiye?

Wa alaikumus salam, ƙanena.

Sau uku na karanta wasiƙarka, kuma kowane karo a wuri ɗaya nake tsayawa, inda ka ce barci ne ya ɗauke ka. Ka tambaye ni wanne za ka ajiye, zan kuma zo kan wannan, amma bari mu fara da daren nan, domin a cikinsa matsalarka take.

A daren nan ganga ba ta yi maka laifi ba, aikin ma bai yi maka ba. Kai ne ka ɗauki dare ɗaya ka yi wa mutane kashi biyu alƙawarinsa. Ka ce wa ofis duk sa'ar da aka kira za a same ka, ka ce wa abokan kiɗa za ka zauna bayan ganguna har a tashi, sannan ka jefa waya cikin jaka kana fatan kada komai ya lalace. Shekara huɗu fatan nan yana ɗauke da kai, ran nan ya sauke ka. Kuma dalilin da ya sa ka kasa neman wani ya riƙe maka zaman daren shi ne kana ɓoye kiɗan. Wanda ke ɓoye abu ba ya iya neman taimako a kansa.

Akwai abin da nake so ka lura da shi game da ayyukan nan naka biyu: halinsu ɗaya. Mai kula da kwamfutocin kamfani ba a tunawa da shi muddin komai na tafiya daidai, sai ranar da abu ya tsaya a neme shi. Haka mai ganga yake. Ƙungiya na iya yin gwaji ba mai jita ɗaya, tana iya lallaɓawa ba mai piyano, amma in babu mai riƙe mata bugu sai kowa ya yi ta tangaɗi. A wuraren biyu abin da ake saye a wurinka shi ne tabbacin cewa kana nan. Shi ya sa shawarar da ake yawan ba mutane irinka, wai su tashi da wuri su tsara lokacinsu, ba za ta yi maka magani ita kaɗai ba. Awa ana iya raba ta gida biyu, amma mutum ba ya rabuwa. Taura biyu ba ta taunuwa, sai dai a tauna ɗaya a ajiye ɗaya zuwa an jima, kuma wannan ajiyewar ita ce ba ka taɓa shiryawa ba.

To ga doka ta farko, kuma ba ni da sassauci a kanta: daga yau ba ka hawa dandamali a daren da kake ko-ta-kwana. Jadawalin nan ai ba daga sama yake faɗowa ba, ana fitar da shi tun da wuri. Ranar da ya fito ka ɗora shi kan ranakun wasanninku, duk inda suka yi karo ka nemi musanya tun da sauran makonni. Musanyar zaman ko-ta-kwana abu ne da ma'aikata ke yi kullum, wani don biki, wani don tafiya, wani don rashin lafiyar yaro. Kai ma kana da abin bayarwa. Akwai ranakun da kowa ke gudu, irin ranakun hutu da safiyar Lahadi, ka ce za ka ɗauke su a madadin daren Asabar. In ka zama mai yawan karɓar ranakun da ba a so, ba za ka rasa mai karɓar taka ba.

Amma kafin wannan akwai bashin da ke kanka. Mutumin da ya tashi cikin dare ya gyara abin da hakkinka ne ka gyara, ka same shi kai da shi ka gaya masa gaskiya, ka gode masa, ka biya shi da dare biyu. Sannan ka je wurin shugabanka. Na san wannan ne ya fi yi maka nauyi, musamman yanzu da ake maganar ƙarin girma. Sai dai ka tuna kana kiɗa ne a gaban jama'a, kusan kowa a wurin na riƙe da waya mai kyamara. Ran da bidiyon daren nan zai faɗa hannun wani a ofis, da kwanan wata a jikinsa, maganar kiɗa ta wuce, maganar ƙarya za a yi, kuma ita ba ta gyaruwa da sauƙi. Gara ya ji daga bakinka. Ba sai ka yi dogon bayani ba. Ka ce masa, "Ranka ya daɗe, abin da na faɗa game da daren nan ba haka yake ba. Ina kiɗa da wata ƙungiya, a lokacin ina wurin wasa. Kuskurena ne da ban nemi musanya ba, ga kuma yadda na shirya don kada ya sake faruwa." Kafin ka shiga, ka karanta takardar ɗaukarka aiki da kyau, domin wasu kamfanoni na sharɗanta a sanar da su duk wani aikin waje da ake biyan kuɗi a kansa. Ba zan yi maka alƙawarin zai ji daɗi ba. Yana iya janye tayin. Duk da haka ina ganin muƙamin da aka gina kan wannan ƙaryar ba zai bar ka ka yi barci ba.

Ɓangaren ƙungiya kuma, abin da kuke buƙata shi ne mai ganga na biyu, wanda zai zauna a kujerarka ranar da ba ka nan. Ƙwararrun makaɗa sun daɗe suna haka, ba abin kunya ba ne. Na san abin da ke hana masu ganga irinka yarda: tsoron kada wanda aka kawo ya fi su, a wayi gari an riƙe shi. Tsoron yana da tushe. Amma dubi abin da kake yi yanzu. Da a ofis ka tarar da wani tsari da mutum ɗaya kaɗai ya san kansa, ba rubutu ba madadi, ai kai ne na farko da zai ce wannan haɗari ne. Ƙungiyarku haka take, kai ne mutum ɗayan nan. Ka yi mata abin da ka iya. Kowace waƙa ka rubuta mata shafi guda: saurin bugunta a minti, yadda ake shiga, inda ake tsayawa, inda ake sassautawa, yadda ake rufewa. Ku ɗauki sautin gwaji ɗaya cikakke ku ajiye. Kai da kanka ka nemo mutumin, ka zaunar da shi gwaji biyu ko uku tun babu buƙata, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ka kawo da hannunka ka koya masa, da wuya ya zama kishiyarka, ya fi kusa da zama wanda kai ma zai kira ranar da ya matsu.

Sai lissafin awoyi, kuma ina so ka yi shi da alƙalami, tunda kai mutumin lissafi ne. Mako awa 168 ne. Cire barci, cire aiki da zirga-zirgarsa, ka ga abin da ya rage. Sannan ka rubuta ainihin abin da wasa ɗaya ke ci. Mai waƙa na zuwa da muryarsa, mai jita na rataya tasa a kafaɗa, kai kuwa sai ka kwance ganguna da farantan ƙarfe da ƙafafunsu, ka loda, ka sauke, ka harhaɗa, a gwada sauti, a yi jira, a yi wasan, ka sake kwancewa. Kai ne farkon zuwa, kai ne ƙarshen tafiya. Wasan minti 90 zai iya cinye maka awa shida ko bakwai, sannan ya haɗa da rabin Lahadi. In ka rubuta wannan sau huɗu a wata, ka ƙara gwaji takwas, za ka gane abin da maiɗakinka ke nufi.

Ni a ganina gwaji biyu a mako ya yi wa ƙungiyar da ta shekara huɗu tare yawa, in ba sababbin waƙoƙi kuke haɗawa ba. Galibi abin da ke faruwa shi ne ana zuwa ɗakin gwaji a koyi abin da ya kamata kowa ya koya a gida, sauran lokacin kuma ya tafi a hira. Ka ba su shawarar a koma sau ɗaya, kowa ya zo da nasa a shirye, a san waƙoƙin da za a taɓa tun kafin a haɗu. Hannunka ba zai mutu ba saboda haka. Abin da ke raya hannun mai ganga shi ne atisayen kullum, ko da kaɗan ne. Minti 20 kowace rana a kan faifan robar atisaye, da metronom yana ƙirga maka bugu, ya fi awa uku rana ɗaya a mako, domin jiki na riƙe motsin da ake maimaita masa a rarrabe, da barci a tsakani, fiye da wanda aka ɗura masa lokaci guda. Ƙungiyar masu kaɗe-kaɗe ta Percussive Arts Society ta tattara tushen bugu guda 40 a shekarar 1984, kuma ko ɗaya daga cikinsu ka ɗauka, kamar dama-hagu-dama-dama, hagu-dama-hagu-hagu, ka fara a hankali kana ƙara sauri, ya ishe ka aikin wata guda. Faifan nan yana shiga jakar kwamfuta, ba ya damun maƙwabci.

Yanzu abin da ya fi tayar min da hankali a wasiƙarka, wanda kai ka ambace shi a gurguje kamar ba komai ba: kunnenka. Aiki in ya tafi ana samun wani, ƙungiya in ta watse ana kafa wata, amma ƙananan ƙwayoyin da ke can cikin kunne masu karɓar sauti, in suka mutu ba sa sake tsirowa. Cibiyar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiyar ma'aikata, ta sa iyakar ƙara a desibel 85 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) na awa takwas, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi. Ke nan 88 awa huɗu, 91 awa biyu, 94 awa ɗaya, kafin a kai 100 ya koma minti 15. Ganguna da farantai a ƙaramin ɗaki, ga lasifikokin jita a gefe, suna haura 100 ba tare da wahala ba, kai kuma kana zaune tsakiyarsu awa biyu. Ƙarar nan da kake ji bayan wasa kunne ne ke sanar da kai an ji masa rauni. Yanzu tana tafiya da safe. Akwai makaɗa da yawa da wata rana ta zo musu ba ta sake tafiya ba, da ita suke kwana da ita suke tashi. Ka je a auna maka ji a cikin watan nan, ka sayi abin toshe kunne irin na makaɗa, wanda ke rage ƙarfin sauti daidai wa daida ba tare da ya dusashe kiɗan ba, ka riƙa sa shi a gwaji da wurin wasa duka. Kwanakin farko za ka ji baƙon abu, ka daure, kunne zai saba.

Wuyan hannun ma kada ka raina shi. Awa takwas yana kan madannan kwamfuta da linzaminta, da dare kuma ka ba shi sanda, jijiyoyin nan guda su ne ke ɗaukar duka biyun babu hutu. Masu ganga da yawa na damƙe sanda da ƙarfi fiye da kima, sai duk girgizar bugun ta koma cikin hannu maimakon sanda ta yi tsallenta ta dawo da kanta. Ka sami gogaggen malamin ganga ya kalli riƙonka ko da zama ɗaya ne, ka gyara tsayin teburinka da kujerarka a ofis, ka riƙa ɗumama hannu kafin ka fara kiɗa. In kana jin yatsu na mutuwa ko kamar ana soka musu allura, musamman da dare, wannan na likita ne, kada ka jira. Kiɗan ganga aikin ƙarfi ne sosai. Binciken da jami'o'in Chichester da Gloucestershire na Ingila suka yi da marigayi Clem Burke, mai gangar ƙungiyar Blondie a lokacin, wanda aka bayyana a 2008, ya nuna bugun zuciyarsa a lokacin wasa na zama tsakanin 140 da 150 a minti, wani lokaci har ya kai 190. Jikin da ya yi wannan aikin daren Asabar yana bin ka bashin barci, in ba ka biya ba zai karɓa ranar Litinin, a lokacin da kake taɓa abin da kuskure ɗaya a cikinsa zai tsayar da kamfani.

Maiɗakinka kalma shida ka ba ta a wasiƙar nan, a can ƙarshe, bayan kunne da hannu. Ka duba wannan jeren da kyau, domin ina zargin haka yake a makonka ma. Ofis ya ɗauki nasa, ƙungiya ta ɗauki nata, ita ta samu abin da ya rage, gajiyayyen mutum. Kada ka yanke shawarar komai, muƙami ko tafiya, sannan ka zo ka sanar da ita. Ku zauna tare da kalanda, ita ta fara zaɓen nata ranakun, a rubuta su da alƙalamin da ake rubuta na wasa, kuma kada ka taɓa su. Ka tambaye ta Asabar nawa a wata za ta iya sake maka da zuciya ɗaya. Amsarta ita ce adadin wasanninka, kuma ina jin biyu za ta fi kusa da gaskiya fiye da huɗu.

To wanne za ka ajiye? Ba kai ne farkon wanda ya tsaya a wannan mararraba ba. Tony Allen, wanda ya riƙe wa Fela Kuti ganga daga 1964 zuwa 1979, yana aikin injiniya a gidan rediyo ne ya fara koyon kiɗa yana da shekara 18. Dave Rowntree, mai gangar ƙungiyar Blur ta Ingila, ya yi aikin rubuta manhajar kwamfuta a hukumar garin Colchester kafin kiɗa ya ɗauke shi, daga baya kuma ya koma karatu ya zama lauya a 2012. Charlie Watts yana da aikinsa na zane a kamfanin talla, bai yi gaggawar amsa tayin zama mai gangar ƙungiyar Rolling Stones ba sai a watan Janairun 1963, ya kuma zauna da su har rasuwarsa a 2021. Kada sunayen nan su ruɗe ka. Mun san su ne saboda abin ya karɓe su, dubban da suka bar aiki abin bai karɓe su ba babu mai ba da labarinsu. Abin da nake so ka ɗauka daga gare su ƙarami ne: sun riƙe biyun na wani lokaci, kiɗan ya girma tukuna sannan ya nemi wurin duka. Naka bai nema ba tukuna. Gayyatar mako uku ba ta isa dalilin barin albashi ba.

Don haka shawarata ita ce ka riƙe aikinka, kada kuma ka jefar da sanda. Zagayen nan, in maiɗakinka ta amince, likita bai hana ba, ka nemi hutunsa tun yanzu da sauran wata huɗu, daga cikin hutunka na shekara, in bai kai ba ka tambaya ko za a ƙara maka wanda ba albashi. Kafin nan ka sa abokanka su zauna su rubuta wa zai biya mota da masauki, nawa za a ba ku, nawa zai rage wa kowa, a takarda. Ina so ka je ne saboda mako ukun nan za su gaya maka abin da ni ba zan iya ba. Wasan daren Asabar daɗi ne zalla. Kwana ashirin a hanya, ana loda kaya ana saukewa, waƙoƙin jiya su ne na yau, shi ne ainihin sana'ar. Wasu na dawowa sun tabbata ita suke so, wasu na dawowa suna godiya da teburinsu na ofis, kuma kowanne ka zama ka samu amsa.

Muƙamin kuwa kada ka amsa kada ka ƙi sai ka yi tambaya. Shugabancin sashe a wani wurin yana fitar da mutum daga jadawalin ko-ta-kwana, a wani wurin kuma yana mayar da shi wanda ake kira duk daren da na ƙasa ya kasa, wato ko-ta-kwanan da ba ya ƙarewa. Ka tambayi wanda ya riƙe kujerar kafin kai sau nawa aka tashe shi cikin wata ukun da suka wuce, da ƙarfe nawa yake barin ofis. Ka kuma tambayi kanka ko kana son aikin kula da mutane da zaman taro, ko sunan ne kawai ke jan ka. Injiniya na iya ci gaba ta hanyar ƙwarewa ba sai ya shugabanci kowa ba, kuma cewa "ba bana ba" ba ta rufe ƙofa har abada.

Akwai magana ɗaya mai ɗaci da ta rage, ita ce wadda za ka yi da mutanen nan huɗu. Wataƙila a cikinsu akwai wanda ya sa rayuwarsa duka a kan ƙungiyar, yana ganin zagayen nan mafari ne, bayansa sai na wata biyu. Yana da hakkin ya san iyakarka tun yanzu. Ka gaya musu ƙarara: wasa biyu a wata, gwaji ɗaya a mako, tafiya ɗaya a shekara, ko dai abin da kuka tsayar kai da iyalinka. In ya ishe su, madalla. In bai ishe su ba, to wata rana wanda ka koya wa waƙoƙin nan zai gaji kujerarka, ka nemi ƙungiyar mutane masu ayyukansu irinka, suna nan da yawa. Zai yi ciwo, na sani, shekara huɗu ba kwana huɗu ba ne, amma za ku rabu kuna gaisawa.

A makon nan ka fara da gida, sannan abokin aikin da ya tashi dominka, sannan shugabanka, ƙungiya ta zo a ƙarshe, domin ba za ka iya gaya musu iyakarka ba sai ka ji ta bakin ukun farko. Awon kunne kuwa kada ya jira kowa, ka nemi ranar ganin likita gobe. In ka dawo daga tafiyar ka sake rubuto min, ina so in ji me kunnen ya ce, me kuma hanya ta ce. Allah ya yi maka jagora.